Daga Armeniya zuwa Birnin Lalle: wa ke zana mayaƙan jiya?



A Ajekoriya, cikin gundumar Dakwaro, kamar sauran garuruwan karkara, rumfar mai cajin salula da hasken rana ba ta rabuwa da samari. Nan waya ke shan wuta, nan kuma ake tura wa juna hotuna masu motsi daga wannan waya zuwa waccan. Dattijon da ya leƙa ta kafaɗar jikansa zai iya cin karo da abin mamaki: ga barade cikin lifidi suna sukuwa a kan ɗan gilashi, ga ƴan baka sun ja daga, ga ganuwa tana cin wuta, har da wata murya tana amsa umurni da harshen Hausa. Wannan guntu ne na wasannin yaƙi irin na na'ura mai ƙwaƙwalwa, wadda ƴan lakwal ke kira ordinater. Mafi yawan wasannin suna bukatar na'ura mai tsada da wutar da ba ta yankewa, amma hotunansu ba su bukatar komi sai waya. Saboda haka yaron da bai taɓa jin labarin Birnin Lalle daga bakin kakansa ba, alhali kuwa kufan wannan tsohon birni na Gobirawa yana cikin gundumarsu, yana iya fara sanin mayaƙan ƙasarsa ta hanyar zanen da aka yi a wata nahiya.

Wanda ya iya dara ba zai sha wuyar fahimtar waɗannan wasanni ba. Mai wasa shi ne sarki. Ana ba shi talakawa kaɗan da fili, ya tura wasu gona, wasu itace, wasu haƙar zinariya. Da abin da suka tara ya gina birni, ya ɗauki sojoji, ya fita neman abokin gaba. Abin da ya raba su da dara shi ne, ƴaƴan dara duk iri ɗaya ne, su kuwa waɗannan an ba kowace runduna sunan wata al'umma ta gaskiya, da tufafinta, da harshenta, da irin mayaƙin da ake cewa ta shahara da shi. A nan gizo ke saƙa. Miliyoyin mutane a duniya, waɗanda ba za su taɓa buɗe littafin tarihin Afirka ko na Asiya ba, daga wannan zane suke ɗaukar abin da suka sani game da wata al'umma, kuma abin da yaro ya gani yana wasa ya fi zama a ransa bisa ga abin da mushe ya rubuta masa a allo.

Misalin Armeniyawa ya isa a tsaya a kansa, domin sun riga Hausawa shiga wannan fage, sun kuma riga su ɗanɗana zaƙinsa da ɗacinsa. Armeniya ƙasa ce ta duwatsu tsakanin Turkiyya, Iran, Jojiya da Azarbaijan. Ba ta kai jihar Maraɗi faɗi ba, mutanenta wajen miliyan 3 ne, kuma kamar Nijar ba ta da bakin teku. Tarihinta kuwa dogo ne: al'adarsu ta ce tun shekara ta 301 sarkinsu ya karɓi addinin Kirista ya mai da shi na ƙasa, kuma wajen shekara ta 405 wani malaminsu, Mesrop Mashtots, ya ƙago musu haruffan da suke rubutu da su har yau. A fagen fama, da doki aka san su. Sitarabo, masanin ƙasashe na Girka, ya rubuta cewa hakimin Armeniya yakan aika wa sarkin Farisa dukushi dubu 20 kowace shekara. Baradensu sukan lulluɓe kansu da dawakinsu da ƙarfe, har Rumawa da Farisawa kowa na son ya same su a gefensa.

Wasan Rome: Total War na shekara ta 2004 ya riƙe wannan hoto na barade masu sulke, amma bai ba mai wasa damar zaɓen Armeniya a babban yaƙin ba, an ajiye ta ne a kan taswira domin manyan dauloli su sami abin ci, kuma yawancin dakarunta na ƙasa irin na maƙwabtanta ne, waɗanda aka haɗa aka laƙaba musu suna guda, wai dakarun gabas. Sai a 2014 aka buɗe ta ga mai wasa cikin Total War: Rome II. A jerin wasannin Civilization kuwa, babban birninta Yereban yakan fito ne a matsayin ƙaramin gari, wanda manya ke zawarci ko su haɗiye.

Babbar muhawara ta tashi a watan Oktoba na 2023, lokacin da kamfanin Microsoft ya ƙara Armeniyawa da Jojiyawa cikin Age of Empires II. Murna ta koma tambaya, domin al'ummar da aka sani da doki an mai da ita ta dakarun ƙasa da jiragen ruwa. An ba su maharbi mai baka, da limamin coci mai ɗauke da makami wanda ke sara yana kuma jinyar raunanannu, da amalanken alfadari, da coci mai ganuwa. Dawakinsu kuwa suna cikin masu rauni. Masu wasa da dama, Armeniyawa da waɗanda ba su ba, suka yi ta ƙorafi: ina ƙasar duwatsu ta samu rundunar teku?

Amsar tana cikin tarihi, amma guntunsa. Bayan da Rumawan gabas suka karɓe babban birninsu Ani a 1045, Turkawan Saljuk kuma suka ci shi a 1064, wasu sarakunan Armeniyawa da jama'arsu suka yi ƙaura kudu maso yamma zuwa Silisiya, a bakin Bahar Rum. Can suka kafa sabuwar sarauta wajen 1080, ta zama cikakkiyar masarauta a 1198, ta rayu da tashar jiragen ruwanta ta Ayas har Mamalik na Masar suka rushe ta a 1375. Wannan masarauta ta ƴan gudun hijira ita masu wasan suka zaɓa, har suka gina labarinsu a kan sarkinta Toros na biyu. Akwai kuma dalilin sana'a: tilas kowace runduna ta bambanta da maƙwabciyarta don wasa ya yi armashi. Tunda an ba Jojiyawa dawaki, sai aka nema wa Armeniyawa wani abu dabam. Wato ba ƙarya aka shirga ba, amma an ɗauki reshe guda aka ce shi ne itacen.

To, ina Hausawa a wannan fage? Sun shiga, kuma ba ta ƙaramar ƙofa ba. Cikin Europa Universalis IV na 2013, wanda ke farawa daga 1444, ana samun Kano, Katsina da Zazzau a kan taswira. Cikin Crusader Kings III na 2020, Daurama ta Daura tana cikin sarakunan da ake nuna wa mai wasa tun a shafin farko, a shekara ta 867, da addinin da suka kira Bori. A watan Agusta na 2021 aka ƙara Hausawa da Habashawa cikin Age of Empires III, kuma a 2025 Sarauniya Amina ta Zazzau ta fito cikin shugabannin duniya a Civilization VII. Wanda ya tuna zamanin da taswirar irin waɗannan wasanni ke nuna Afirka ta yamma fili fetal, sai daji da zinariya mai jiran Bature, ya san an yi tafiya.

Yabon gwani ya zama dole. Masu Age of Empires III sun yi karatu. Sun sa lifidi, kuma Tarihin Kano ya ce tun zamanin Sarki Kanajeji, wajen ƙarshen ƙarni na 14, aka shigo da lifidi da kwalkwali da sulke. Sun sa maharban Fulani, waɗanda kibansu ne suka karya baraden Gobir a Tafkin Kwatto cikin watan Yuni na 1804, ranar da jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ke da dawaki ƙalilan. Sun ba Hausawa makarantar ilimi mai zurfi a matsayin gininsu na musamman, abin da ke tuna wa mutum Gobarau ta Katsina. Sun kuma sa kasuwar dabbobi inda ake sayar da shanu a sami dukiya, wadda duk dillalin kasuwar Dakwaro zai gane ta da kallo ɗaya. Mayaƙan ma da Hausa suke magana.

Amma idan aka matso kusa, sai a ga inda ɗinkin ya saki. Sarauniyar Zazzau ce shugaba, birnin gida kuwa Kano, alhali tarihi ya nuna Amina tana cikin masu karɓar gandu daga maƙwabta, ba mai zama a fadarsu ba. Baraden lifidi da maharban da suka harbe su a 1804 an tara su ƙarƙashin tuta guda. Makaɗin fada, mai tambari da kakaki, an kira shi da kalmar Faransanci, griot, kamar Hausa ba ta da maroƙi, ba ta da sanƙira, ba ta da zabiya. Abin da zai fi ba Bahaushe dariya shi ne sunan da aka ba gwarzon sojan fada mai bindiga: Maigadi. Kalmar gadi daga Ingilishi aka aro ta zamanin mulkin mallaka, kuma kowa ya san mai gadi shi ne bawan Allah da ke kwana a bakin kanti da tocila da sanda. Sana'a ce ta halal, amma ba shi ne ke tsare sarki a fagen fama ba. Ga dogari, ga barde, ga jarumi, ga ɗan bindiga, ga sarautun yaƙi irin su Ƙaura, Madawaki da Ubandawaki, duk an tsallake su. Irin wannan ya faru da Malawa a 2015 cikin Age of Empires II, inda aka ba daular Mali mayaƙiya mace mai suna Gbeto, alhali sunan na matan yaƙin Dahome ne, wata ƙasa dabam, wani zamani dabam.

Waɗannan duka ƙananan kurakurai ne, ana iya gyara su da alƙalami. Babban abin da ya shafi mutumin Ajekoriya yana cikin wani yaƙin tarihi da aka haɗa da wasan na 2021, wanda ke ba da labarin jihadin Shehu Usmanu da sarakunan Hausa. Sunan da aka ba shi, in an juya shi da Hausa, shi ne Faɗuwar Hausa. A cikin irin wannan labari Gobir abokiyar gaba ce kawai, birni ne da za a ci a rufe littafi. Gaskiya ne Alkalawa ta faɗi a 1808, Sarkin Gobir Yunfa ya mutu a cikinta. Gaskiya ne kuma daular Sakkwato da ta biyo baya ta zama ɗaya daga cikin manyan daulolin Afirka na ƙarni na 19, ta bar ilimi da littattafan da ake karantawa har gobe a kowane ɓangare na iyaka. Ba wanda ke musun wannan. Sai dai sunan ya ɓoye abu biyu.

Na farko, yaƙin bai kasance na Fulani zalla da Hausawa zalla ba. Hausawa da yawa sun bi Shehu, cikinsu har da Malam Abdussalami na Gimbana, wanda harin da aka kai wa jama'arsa yana cikin abubuwan da suka hura wutar. Akwai kuma Fulani da Abzinawa da suka tsaya tare da sarakuna. Wasa yana son launi biyu, ja da shuɗi, tarihi kuwa ba ya rabuwa haka.

Na biyu, labarin bai ƙare a 1808 ba, kuma ci gabansa a ƙasar Nijar ta yau aka rubuta shi. Gidan sarautar Katsina da aka kora ya yi arewa, Ɗan Kasawa ya kafa zamansa a Maraɗi. Gobirawa suka sake haɗa ƙarfi. A 1836 rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ta yi musu mummunan kaye a Gawakuke, inda Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsinan Maraɗi Rauda suka kwanta dama. Duk da haka Mayaƙi ya kafa Tsibiri, ƴan kilomita kaɗan daga Maraɗi, kuma garuruwan biyu suka ci gaba da riƙe kansu, suna kai hari ana kai musu, zamanin Ɗan Baskore har zuwa zamanin Ƙaura Hasau, har Nasara suka iso a farkon ƙarni na 20. Haka gidan sarautar Kabi ya tsaya a Argungu, na Daura a Zango da Ɓaure, na Zazzau kuwa, wato gidan ita Amina ɗin, ya kafa Abuja ta farko a 1828, garin da ake kira Suleja a yau. Har yanzu akwai Sarkin Gobir a Tsibiri da Sarkin Katsina a Maraɗi, akwai Inna, akwai Iya. Iyakar ma da ɗan kasuwa ke ƙetarawa tsakanin Ɗan Isa da Jibiya, wadda Faransa da Ingila suka daidaita a 1904 da 1906, kusan ta bi sawun wannan tsohuwar daga ce. Ma'aikacin duwan da ke buga hatimi a can yana zaune ne a kan tarihin da wasan ya ce ya ƙare.

Idan aka jera labarin biyu, sai a ga abin mamaki. Silisiya ita ce Maraɗin Armeniyawa: sarautar da aka kora daga gida ta sake tsirowa a wani wuri. Ga Armeniyawa, masu wasa sun ɗauki masarautar hijira suka manta da ƙasar asali da dawakinta. Ga Hausawa, sun ɗauki biranen asali suka manta da masarautun hijira. Cuta ɗaya ce ta fito ta fuska biyu: al'umma mai shekaru dubu an matse ta cikin mayaƙa huɗu ko biyar da labari guda.

Akwai kuma abin da ƴan kasuwa za su fi kowa lura da shi. Al'ummomin nan biyu ba da takobi suka fi yaɗuwa a duniya ba, da ciniki ne. Tun farkon ƙarni na 17 attajiran Armeniyawa na unguwar Sabuwar Julfa, a Isfahan ta Iran, suka shimfiɗa harkarsu daga Amsadam har Indiya, kuma a Madras aka buga jaridar farko da harshensu a 1794. Haka fataken Hausa suka bi hanyar Gwanja neman goro, suka kafa zango a Salaga da Kumasi, suka tari ayarin gishirin Bilma da gero da tufafi, suka kai baƙin rini da jan fata har bakin Bahar Rum. Madugu, da jagaba, da mai masauki, da amanar da ke sa a ba mutum kaya bashi daga Kano zuwa Gwanja ba takarda, su ne suka mai da Hausa harshen kasuwa a Afirka ta yamma. Wasan yaƙi ba ya iya nuna wannan sai kaɗan, domin abin da yake ƙirgawa shi ne gawa da ganima. Ana yi wa Gobir kirari da gidan faɗa, amma yaron da ya tashi yana zaton kakanninsa ba su iya komi ba sai faɗa an rage masa gado.

Shin kuka a nan yana da amfani? Yana da shi, in an yi shi da hujja. A 2020, da aka sake fito da Age of Empires III, kamfanin ya nemi shawarar ƴan asalin Amurka, ya sauya sunayen da Turawa suka laƙaba musu zuwa waɗanda suke kiran kansu da su, wato Lakota da Haudenosaunee, ya kuma cire wasu abubuwan da suka ce cin mutuncin al'adarsu ne. A 2022, cikin Age of Empires II, rundunar da aka daɗe ana kira Indiyawa kurum an raba ta gida huɗu. Waɗannan kamfanoni ƴan kasuwa ne, kuma ɗan kasuwa yana sauraren mai saye. Amma mai zane a Turai ko Amurka ba zai zo Birnin Lalle ya zauna gaban tsofaffi ba. Abin da ya tarar a rubuce, cikin harshen da yake ji, a inda hannunsa ke kaiwa, shi yake ɗauka. Tarihin Kano an fassara shi da Ingilishi tun 1908, littattafan Sakkwato sun cika ɗakunan karatu. Na Gobir da Maraɗi kuwa yawancinsa yana cikin Faransanci, cikin kundayen da ba a sake bugawa ba, ko cikin kan makaɗan fada da ke ta raguwa.

Armeniyawa sun gane wannan tun da wuri, watakila domin kisan gillar da aka yi musu a daular Usmaniyya daga 1915 ya koya musu cewa abin da ba a adana ba yana iya ɓacewa dare ɗaya. A Yereban suna da Matenadaran, gidan da ke ajiye dubban littattafansu na rubutun hannu, kuma tun 2011 suka buɗe cibiyar TUMO inda matasa ke koyon zane da haɗa wasannin na'ura kyauta. A Afirka ma an fara: kamfanin Kiro'o Games na Yawunde, a Kamaru, ya fito da wasansa Aurion a 2016.

Nijar ba ta rasa jari ba. A Yamai akwai cibiyar IRSH da dubban rubuce-rubucen larabci da ajami waɗanda marigayi Bubu Hama ya fara tarawa. Akwai CELHTO, wadda aka kafa a 1968 domin tattara tarihin baka. Akwai ayyukan Djibo Hamani a kan Adar da Abzin, da na André Salifou a kan Damagaram. Akwai jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo a Maraɗi cike da ɗalibai masu neman abin da za su rubuta a kai. Abin da ya rage aiki ne da bai fi ƙarfin kowa ba. Magajin gari ko shugaban makaranta yana iya sa a ɗauki muryar tsofaffin da suka san jerin sarakuna da sunayen kayan yaƙi, da wayar nan da ke hannun kowa. Mushen tarihi yana iya kai ƴan ajinsa su ga kufan Birnin Lalle da idonsu, maimakon su haddace sunansa kurum. Ɗalibin da ya iya Faransanci da Ingilishi yana iya zuba abin da aka tara a intanet, da Hausa da waɗannan harsuna, inda mai zanen gobe zai tarar da shi. Alhajin da Allah ya hore wa, wanda ke ɗaukar nauyin kokowa da sukuwar salla, kuɗin buhu kaɗan na wake sun isa a sake buga wani tsohon littafi da ya ɓace daga kasuwa.

Hausawa sun ce in ba ka yi shara ba, baƙo ya yi maka, ba ka da bakin cewa ya zubar da abin kirki. Baƙo ya riga ya zana Bahaushe, ya yi iyakar ƙoƙarinsa, ya ba sarkin yaƙi sunan mai tsaron kanti, ya rufe littafin a Alkalawa. Yaron da ke rumfar caji a Ajekoriya yana da haƙƙin ya san cewa bayan wannan shafi akwai Gawakuke, akwai Tsibiri, akwai Maraɗi, kuma kafin dukkansu akwai birnin da ke kwance a ƙarƙashin rairayin gundumarsu.